Jiran sakan goma da ya haura minti: nazarin agogon ACPI a wata uwar garke a Yamai

Wani ƙaramin kamfani a Yamai yana riƙe da bayanan wasu asusun ajiya da bashi a kan uwar garke ɗaya mai Linux. Kwamfutocin kwaikwayo shida ne a cikinta, manhajojin kwaikwayo KVM da QEMU ke tafiyar da su, kuma OVMF ce manhajar tushe da ke fara tashi kafin GRUB, mai loda Linux, da babbar manhaja. A watannin zafi kuran na iya dawowa ya sake ɗaukewa cikin ƴan mintoci, alhali batirin na'urar riƙe wuta bai kai ko'ina ba. Idan rumbun bayanai ya tashi a wannan ɗan tsakanin, ana iya yanke shi yana tsakiyar rubutu. Saboda haka masu kula da na'urar suka rubuta ƴar manhajar UEFI, wato mai gudu a matakin manhajar tushe, da ke tsayawa gaban GRUB a kwamfutar rumbun. Aikinta kaɗan ne: ta aika tambaya ta layin siriyal na biyu, ta jira wani shiri da ke kan uwar garke ya amsa cewa batir ya isa. In amsa ta zo, a wuce. In ba ta zo ba bayan gwaji goma, kowanne na sakan ɗaya, a wuce haka nan.

Ga yadda aka gina jiran. Manhajar tana duba ƙofa 0x2FD, wato adireshin da furosesa ke leƙa halin layin siriyal ta cikinsa, inda bit na farko ke nuna ko harafi ya iso, sai ta dakata mikrosakan 10, ta sake dubawa, har sau 100,000. A takarda wannan sakan ɗaya ne cif. Dakatawar kuma da agogon ACPI (ƙa'idar kula da wuta a kwamfuta) ake auna ta, kuma an rubuta adireshinsa kai tsaye a cikin lambar: 0xB008.

Agogon da ake magana

Wannan agogo maƙirgi ne kawai da ke hawa sau 3,579,545 a kowane sakan, bugu ɗaya kusan nanosakan 279 ke nan. Ba a saita shi, ba a tsayar da shi, karantawa kawai ake yi. A QEMU faɗinsa bit 24 ne, don haka da ya kai 16,777,215 sai ya koma sifili, abin da ke faruwa kowane sakan 4.69. Darajarsa a wajen masu rubuta manhajar tushe ita ce saurinsa sananne ne tun daga ƙa'idar ACPI, ba sai an auna ba, kuma ba ya sauyawa da saurin furosesa.

Adireshinsa ne ba tsayayye ba. QEMU na kwaikwayon manyan alluna iri biyu, wato faifan da ke haɗa sassan kwamfuta: tsohon i440FX na Intel na 1996, da Q35 na 2007 mai PCIe. A kan na farko OVMF tana ajiye rukunin ƙofofin kula da wuta a 0xB000, ta rubuta hakan a rajista 0x40 ta na'urar PIIX4 da ke 00:01.3. A kan na biyu tana ajiye shi a 0x600, ta rajista 0x40 ta ICH9 da ke 00:1f.0. Agogon yana taku 8 daga farkon rukunin, shi ya sa ake samun 0xB008 a ɗaya, 0x608 a ɗaya.

Matsala ta farko ta taso ranar da aka mai da kwamfutar rumbun Q35 domin a miƙa mata katin sadarwa na PCIe kai tsaye. Tambarin TianoCore da OVMF ke nunawa ya fito, sai komai ya tsaya cik, furosesa ɗaya ta uwar garke kuma ta cika maƙil. Dalilin yana cikin tsarin dakatawar da aka ɗauko daga EDK II, tarin lambar da ake gina OVMF da shi: a karanta agogo, a ƙara adadin bugun da ake so, sannan a yi ta karantawa ana ɗebewa har bit 23 na bambancin ya kunna, alamar an wuce wurin da aka nufa. A Q35 babu kowa a 0xB008, kuma ƙofar da ba ta da mai ita tana mayar da 0xFFFFFFFF a kowane karatu. Agogon da ba ya motsi, bambancinsa ba zai taɓa sauyawa ba, sai zagayen ya dawwama. An ma yi sa'a, domin a Q35 OVMF tana raba wa katunan PCI ƙofofi daga 0x6000 zuwa sama, wato 0xB008 na iya faɗawa cikin gidan wani kati, a riƙa karanta rajistarsa ana zaton lokaci ne. Umurnin info mtree a na'urar sa ido ta QEMU ya warware wannan cikin minti ɗaya: layin acpi-tmr yana 0x608.

Gyaran da ya haifi matsala ta biyu

Tunda akwai sauran kwamfutoci biyar a kan i440FX, kuma ana son fayil ɗaya ya yi aiki ko'ina, sai aka ce manhajar ta gano allon da kanta. Shawara ce mai kyau, kuma ita OVMF kanta ta bi tun 2014. Wanda ya yi gyaran ya buɗe babban fayil ɗin AcpiTimerLib na OvmfPkg, ya tarar da iri uku, ya kwafi mafi sauƙin ɗauka, wato BaseRomAcpiTimerLib. A cikinsa duk lokacin da za a karanta agogo sai an fara karanta lambar shaidar gadar farko ta PCI, 0x1237 ce ko 0x29C0, a zaɓi na'urar da ta dace, a karanta rajistarta ta 0x40, sannan a je ga agogon.

Ba a banza aka rubuta wannan iri haka ba. Na matakin SEC ne, farkon farkon tashi, lokacin da lambar ke gudu daga filashin da ba a iya rubutawa a kai, babu inda za ta ajiye abin da ta gano. Sauran biyun kuwa, na PEI da na DXE, matakan da ke biye da SEC, sau ɗaya suke gano adireshin a lokacin da aka loda su, su ajiye, shi ke nan. Manhajar wannan kamfani tana gudu ne a ƙarshen tashi, ƙwaƙwalwar ajiya a buɗe take gabanta, ba ta da dalilin ɗaukar nauyin SEC. Irin na DXE kuma bai ɗauku ba saboda yana dogara da wata ƙima da OVMF ke cikawa yayin tashi, wadda manhajar da aka harhaɗa daban ba ta da tabbacin samu. Wannan uzuri ne na gaske, amma ba shi ke halatta a maimaita bincike a kowane karatu ba.

Bayan gyaran kwamfutar ta tashi, aka rufe magana. Gwajin da aka yi na rana ne, shirin da ke amsawa yana nan a tsaye, amsa na zuwa nan take, babu wanda ya ga jiran ya kai ƙarshensa. Sai da kuran ya ɗauke da dare har batir ya ƙare, komai ya tashi tare, kwamfutar rumbun ta riga shirin amsawa tashi, gwaji goman suka ƙare babu amsa. Jiran da aka rubuta sakan goma ya haura minti. Manhajojin da ke sauran kwamfutocin suka nemi rumbu ba su samu ba, suka gaji suka faɗi, da safe ma'aikatan asusun suka tarar allon shiga na nuna kuskure. Zargin farko ya faɗa kan faifai da zafin ɗakin, kuma ba a yi mamaki ba, domin su aka saba gani.

Abin da ya nuna gaskiyar shi ne ƙirga fita. A ƙarƙashin KVM, furosesa tana gudanar da lambar baƙo, wato kwamfutar kwaikwayo, kai tsaye har sai ta taɓa ƙofa. Da ta taɓa, sai ta fita daga baƙo ta koma ƙwayar Linux. Wasu na'urori, kamar APIC, a cikin ƙwayar ake kwaikwayonsu, fitar gajera ce. Agogon ACPI da ƙofofin PCI da siriyal kuwa QEMU ke riƙe da su, sai an haura har can a dawo, kuma wannan tafiya mikrosakan-mikrosakan take ci, alhali a na'ura ta zahiri karatun ƙofa bai cika wuce mikrosakan ɗaya ba. An kashe shirin amsawa da gangan, aka tayar da kwamfutar, aka sa perf kvm stat record a kan lambar aikin QEMU, sannan perf kvm stat report --event=ioport. Ba yawan lambobin ne ya yi magana ba, rabonsu ne. A kowane karatu ɗaya na 0x608 akwai rubutu huɗu da karatu biyu a 0xCF8, karatu ɗaya a 0xCFE, ɗaya a 0xCFC.

Wannan rabo shi ne sawun laburaren PCI na EDK II mai bin ƙofofi. Kowane karatu ɗaya na PCI taɓawa huɗu ne: a ɗauki abin da ke 0xCF8 a riƙe, a rubuta adireshin da ake so, a karanta amsa, a mayar da abin da aka tarar. Lambar shaidar gada tana taku 2, shi ya sa take fitowa ta 0xCFE. Karatu biyu sun ba da takwas, agogon ya cike na tara. Kamar mutumin da duk sanda zai duba ƙarfe nawa sai ya je ya tambayi maigadi wane gida ne wannan, ya sake tambayarsa a wane ɗaki aka rataye agogo, kuma kafin ya dawo lokacin da yake son aunawa ya wuce.

Lissafin yana da sauƙi, kuma ya kamata a bi shi a hankali domin a nan ne ainihin ciwon yake. A ɗauka kowace fita tana cin mikrosakan 4; adadin ya danganta da furosesa da nauyin da ke kanta, kowa ya auna nasa. Karatun agogo ɗaya ya zama 36. Dakatawa kowace iri tana buƙatar karatu aƙalla biyu, na kafa alama da na dubawa, wato 72, ko da 10 aka nema. A ƙara 4 na duba siriyal, 76. Sau 100,000 ya ba da sakan 7.6, sau goma sakan 76. A daren da kwamfutoci shida ke tashi tare suna rububin furosesa, fitar takan fi haka tsada.

To a sake lissafin da adireshin da aka ajiye, fita ɗaya a kowane karatu. Karatun farko 4. Sai na dubawa, a mikrosakan 4 bai kai ba, a 8 bai kai ba, a 12 ya wuce. Jimla 16, da siriyal 20. Sakan ɗayan ya zama biyu, goman ya zama ashirin. Ma'ana tun ana kan i440FX, tun kafin kowa ya taɓa lambar, jiran ninki biyu yake yi, ba wanda ya lura saboda sauran manhajojin suna iya jure sakan ashirin. Agogon kansa bai taɓa yin ƙarya ba, duk karatun da aka yi daidai yake. Alkawarin dakatawa irin wannan shi ne ba za ta gaza abin da aka nema ba. Ba ta taɓa alkawarin ba za ta wuce ba. Wanda ya tara ƙananan dakatawa dubu ɗari ya kira su sakan ɗaya, ya tara rarar kowacce ne tare da su. A ganina wannan ne babban laifin, ya fi na kwafe lambar SEC, domin cire nauyin bincike kaɗai zai ɓoye shi ne kawai ya koma yadda yake a da.

Yadda aka sake gina shi

An fara da adireshi. Maimakon tambayar PCI, manhajar tana neman teburin ACPI ta jerin teburan da UEFI ke miƙa mata, ta bi XSDT ko RSDT har teburi mai alamar FACP. Adireshin agogo yana taku 76. Idan tsawon teburin ya kai, akwai faɗaɗɗen adireshi a taku 208, shi ake fifitawa in ba sifili ba ne. Dole a duba tsawon kafin a karanta, domin tsohon tsarin teburin bai kai nan ba. Bit 8 na tutocin da ke taku 112 yana faɗin ko maƙirgin bit 24 ne ko 32. Ana yin wannan sau ɗaya a farkon manhajar. Fa'idarsa ita ce ba ruwansa da sunan allo, kuma nan ne Linux ma ke dubawa, shi ya sa dmesg ke nuna layin PM-Timer IO Port da adireshin, wanda za a iya gwada sakamako da shi. An kuma ƙara kariya ƴar ƙarama: a karanta agogon wasu ƴan lokuta a jere, in bai motsa ba a rubuta saƙo a allo a wuce zuwa GRUB. Da akwai wannan tun farko, da matsalar Q35 ba ta zama tsayawa cik ba.

Sai wa'adi. Yanzu babu ƙirga zagaye. Ana riƙe jimla mai faɗin bit 64, a kowane dubawa a ɗebe karatun baya daga na yanzu, a tace da 0xFFFFFF, a zuba a jimlar. Sakan ɗaya bugu 3,579,545 ne, goma 35,795,450. Tacewar ce ke sa komawar maƙirgi sifili ba ta ɓata lissafi. Wanda ya ɗebe karatun farko daga na ƙarshe kai tsaye ba zai taɓa ganin sakan goma ba, tunda maƙirgin ba ya iya riƙe fiye da 4.69. Sharaɗin hanyar ɗaya ne: kada tazarar karatu biyu ta kai wannan tsawon, in ta kai, zagaye guda ya ɓace ba tare da alama ba. Tsohuwar dakatawar ma tana da irin wannan rauni ta wata fuska. Bit 23 yana zama a kunne ne na sakan 2.34 kawai bayan an wuce alama, don haka idan uwar garke ta hana baƙon furosesa fiye da haka, kamar lokacin da ƙwaƙwalwar ajiya ta cika ana kwashe ta zuwa faifai, sai ya farka ya tarar kamar lokaci bai yi ba, ya ci gaba da jira.

Abu na uku shi ne yawan dubawar kanta. Layin yana gudu a 9600, harafi ɗaya bit 10 ne da na farawa da na tsayawa, wato milisakan 1.04. Dubawa kowane mikrosakan 10 ya ninka buƙata sau ɗari. Amma tsawaita dakatawar zuwa milisakan ɗaya ba ya rage fita ko kaɗan, domin dakatawar kanta karatun agogo ne ba ƙaƙƙautawa. A lissafin mikrosakan 4, fita 250,000 ke nan a kowane sakan, furosesa guda ta tafi a banza a daidai lokacin da sauran kwamfutoci biyar ke nemanta. Kiran Stall na UEFI ma bai tsira ba, a OVMF ga wannan agogon yake gangarawa. Abin da aka yi shi ne a buɗe taron lokaci, wato ƙararrawar da ke tayar da manhaja, da CreateEvent, a sa SetTimer ya maimaita kowane 100,000 na ma'aunin nanosakan 100, wato milisakan 10, a jira da WaitForEvent. A nan manhajar tushe tana kwantar da furosesa da umurnin HLT har katsewa, wato siginar da ke tayar da furosesa, ta zo, uwar garke ta ba wani aikin. Da an farka, a duba 0x2FD, a karanta agogo sau ɗaya, a koma. Fitar ta sauko zuwa ƴan ɗaruruwa a sakan. A milisakan 10 haruffa kusan goma ne za su iya isowa, kuma ma'ajiyar 16550, guntun da ke riƙe da layin siriyal, tana ɗaukar 16, babu abin da zai zube.

Za a iya tambaya me ya sa ba a bar taron lokacin ya auna sakan goman da kansa ba. Dalili shi ne lokacin UEFI ƙirgar katsewa ne, kowace katsewa a ƙara milisakan 10. Idan an hana baƙon gudu, katsewa da yawa kan haɗe su zama ɗaya, lokacin ya yi baya. Saboda haka aka raba aikin: taron yana tayarwa, agogon ACPI yana faɗin nawa ya wuce.

An tattauna TSC, maƙirgin da ke cikin furosesa kanta, kuma yana da jan hankali, domin umurnin RDTSC a yawancin saiti ba ya haifar da fita ko ɗaya. Sai dai dole a san saurinsa, kuma in za a auna shi da agogon ACPI, kuskuren fitar yana shiga awon. Rashin tabbas na mikrosakan 10 a tagar milisakan ɗaya kashi 1 cikin 100 ne. A tagar milisakan 50 ya koma kashi 0.02. Ana kuma buƙatar duba bit 8 na EDX a CPUID 0x80000007 don sanin ko TSC ɗin tsayayye ne, kuma QEMU ba ya nuna wa baƙo wannan sai an kunna invtsc, wanda shi kuma ke hana ƙaurar kwamfuta tana gudu in ba a ƙayyade saurin TSC a saiti ba. Ga manhajar da ke karanta lokaci sau ɗari a sakan, wannan ɗawainiya ba ta biya. An bar shi don awon gwaji kawai.

   Agogon da Linux ke amfani da shi bayan tashi kuwa bai shiga wannan lamari ba. Fayil ɗin current_clocksource yana nuna kvm-clock, wanda baƙo ke karantawa ba tare da fita ba.

Gwajin karɓa an yi shi ne a yanayin da ya kawo matsalar. An kashe shirin amsawa, an cika furosesoshin uwar garke da aikin gwaji, an tayar da kwamfutoci shidan tare, sau ɗaya da rumbun a kan Q35, sau ɗaya a kan i440FX. Ana auna lokacin daga waje, daga isowar harafin tambaya na farko a ɓangaren uwar garke zuwa bayyanar GRUB, domin agogon da ake tuhuma ba ya zama shaidar kansa. A rahoton perf ana duba cewa 0xCF8 ta ɓace daga lokacin jiran, kuma karatun 0x608 da na 0x2FD sun zo kusan ɗaya da ɗaya. An kuma gyara jerin tashi a uwar garke yadda shirin amsawa zai riga libvirt, manhajar da ke tayar da kwamfutocin kwaikwayo, sauran kwamfutoci biyar kuma su riƙa sake neman rumbu maimakon su faɗi a gwajin farko.